Abin da Musulunci Ya Taras a Makka, a Harran da Bakin Gulbin Maraɗi

Yaron da ya yi ƴan shekaru a makarantar Islamiyya a Maraɗi zai lissafo maka Lata da Uzza da Manata ba tare da tuntuɓe ba. Zai gaya maka gumaka 360 ke kewaye da Ka'aba ranar da aka buɗe Makka. Amma tambaye shi wa kakannin mutanen Jiratawa suke yi wa yanka kafin su kai iri gona, ko me ya sa Innar Gobir take da daraja a fadar Tsibiri, sai ya yi shiru, ko ya ce maka wannan ai zancen arna ne, ba a tayar da shi. Ya san na farkon ne saboda malaman Musulunci na ƙarnonin farko sun zauna sun rubuta shi dalla-dalla. Na biyun kuwa, mu da muka gaje shi ba mu rubuta ba.

Wanda ya fi kowa yi wa tarihin gumakan Larabawa hidima shi ne Hishamu ibn al-Kalbi, mutumin Kufa, wanda ya rasu wajajen shekarar 819. A cikin Kitabul Asnam ya bi su ɗaya bayan ɗaya: wace ƙabila ke bauta wa wanne, a wane kwari yake, wane gida ke tsaronsa, wa ya rushe shi. Littafin ya daɗe a hannun ƴan tsiraru har Ahmad Zaki Basha ya buga shi a Alƙahira a 1914.

Abu na farko da mai karatu zai lura da shi, Larabawan jahiliyya ba su musanta samuwar Allah ba. Sun yarda Shi ya halicci sammai da ƙasa, kuma in teku ta rutsa da su Shi suke kira. Hujjarsu, kamar yadda Suratuz Zumar ta ba da labari, ita ce waɗannan ababe suna kusantar da su gare Shi. Suna riƙe da ragowar addinin Annabi Ibrahim: suna hajji, suna ɗawafi, suna girmama watanni huɗu masu alfarma da ba a yaƙi a cikinsu, ko da yake sukan ja wata gaba ko baya in bukatar hari ta taso. Masu tarihi sun ɗora laifin shigo da gumaka Makka a kan Amru ibn Luhayyi na ƙabilar Khuza'a, wanda ya gan su a ƙasar Sham ya ɗauko Hubal ya kawo.

Da yawa daga cikin ababen bautar nan ba sassaƙe suke da siffar mutum ba, kuma wannan shi ne abin da ya kamata Bahaushe ya tsaya a kansa. Lata dutse ne mai kusurwa huɗu a Ɗa'ifa, Banu Saƙifa suka gina masa ɗaki. Uzza tana cikin itatuwan ƙaya guda uku a kwarin Nakhla, nan Ƙuraishawa ke zuwa da yanka. Manata tana Ƙudaidu, wajen gaɓar teku, Ausu da Khazraju na Yasriba su ne suka fi girmama ta. Akwai wata itaciya, Zatu Anwaɗ, wadda mayaƙa ke rataye wa makamai don neman albarka. Hubal ne mai siffar mutum, na jan dutsen aƙiƙ, hannunsa na dama ya karye Ƙuraishawa suka yi masa na zinariya, a gabansa kuma akwai kibau bakwai na ƙuri'a. Da irin waɗannan kibau aka yi ta jefa ƙuri'a tsakanin Abdullahi ɗan Abdul Muɗɗalibi da raƙuma har suka kai ɗari. Ibn al-Kalbi ya ce matafiyi in ya sauka zango yakan tsinci duwatsu huɗu, ya zaɓi mafi kyau ya bauta masa, sauran ukun ya yi murhu da su.

Addini ne na bukatar yau da gobe. Ba shi da littafi, kuma akasarin masu shi ba su yarda da tashin ƙiyama ba. Daga amfanin gona da dabbobi ana ware kason Allah da kason gumaka. Ana sakin wasu raƙuma, ba a hawansu ba a tatsarsu, saboda bakance. Boka na faɗin gaibu da magana mai ƙafiya, yana cewa aljaninsa ne ya gaya masa. Wanda dare ya riske shi a kwari yakan ɗaga murya ya nemi tsarin shugaban aljanun wurin. In aka yi ruwa, sai a ce faɗuwar tauraro kaza ce ta kawo shi. A gefe guda kuma ga Yahudawa a Yasriba da Khaibara da Yaman, ga Nasara a Najran da Hira, ga ɗaiɗaikun hunafa'u irin Zaidu ibn Amru ibn Nufail da suka ƙi cin yankan gumaka.

Ƙarshen wannan addini ya zo da sauri. A shekara ta 8 bayan Hijira, wato 630, aka buɗe Makka. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki Khalid ibn Walid ya sare itatuwan Uzza. Mugira ibn Shu'uba ya rushe ɗakin Lata bayan Saƙifawa sun miƙa wuya, Jarir ibn Abdullahi ya ƙone Zul Khalasa a Tabala. Cikin shekaru kamar uku manyan wuraren bautar sun zama kufai.

Musulunci ya kuma taras da Sabi'awa, amma labarinsu daban ne, kuma kada a haɗa su da mutanen Saba'u na Yaman, ƙasar Bilƙisu, masu yi wa rana sujada. Sau uku Alƙur'ani ya ambaci Sabi'awa, a Baƙara da Ma'ida da Hajji, kullum kusa da Yahudawa da Nasara, kuma malaman tafsiri sun yi saɓani mai yawa a kan ko su wane ne. Jama'a biyu ne suka ɗauki wannan suna a tarihi. Ta farko ita ce Manda'awa na fadamun kudancin Iraƙi da Iran, masu girmama Annabi Yahaya, masu wankan tsarki a ruwa mai gudu, da littafinsu Ginza Rabba. Suna nan har yau, sai dai yaƙin Iraƙi na 2003 ya watsa mafi yawansu zuwa ƙasashen waje.

Ta biyu ita ce mutanen Harran, birnin da kufansa ke kudancin Turkiyya ta yau. Tun zamanin Babila akwai ɗakin bautar Sin, ubangijin wata, a wannan birni. Mutanensa suna girmama rana da wata da taurari biyar masu tafiya, kowanne da ranarsa da launinsa da irin yankansa. Suna salla sau uku a yini, suna azumin kwana talatin. Shaharastani, wanda ya rasu a 1153, ya kawo hujjar Sabi'awa a cikin Al-Milal wan Nihal: Mahalicci ya fi ƙarfin ɗan Adam ya isa gare Shi kai tsaye, sai ta hanyar ruhanai tsarkaka, taurari kuwa su ne gidajen ruhanan. Ibn an-Nadim ya ruwaito a Fihirisi cewa halifa Ma'amun ya ratsa Harran wajajen 830 a kan hanyarsa ta yaƙin Rumawa, ya tambaye su addininsu, suka kasa ba shi amsar da za ta sa su cikin ahlul kitabi. Ya ba su wa'adi zuwa dawowarsa. Wani masanin fiƙihu ya ba su shawara su ce su ne Sabi'awan da Alƙur'ani ya ambata. Ma'amun ya rasu a 833 bai dawo ba, sunan kuwa ya zauna. A ƙarƙashin wannan amana suka rayu ƙarnoni, har suka fitar da Sabit ibn Ƙurra, masanin lissafi da taurari a fadar Bagadaza, wanda ya rasu a 901 yana kan addinin iyayensa.

To, a ƙasar Hausa Musulunci ya taras da addini mai irin wannan gini, amma abin da ya biyo baya ya fi kama da na Harran fiye da na Makka. A Kano da Katsina ana kiran masu shi Maguzawa, kuma masana da dama na ganin sunan daga Majusawa ya fito, waɗanda Sayyidina Umar ya karɓi jiziya daga gare su. Wato an sama musu gurbi a shari'a don su zauna su biya, a bar su da gonakinsu. A kwarin Maraɗi kuwa sunansu Anna, wasu su ce Arna ko Azna.

Ba'anne ya san Allah, da sunansa yake rantsuwa, Shi yake ce wa mai sama. Amma ba ya yi maSa yanka. Yanka na iskoki ne, don su ne ke kusa, su ke riƙe da daji da gulbi da gona, su ke sa ciwo su ke ɗauke shi. Akwai Doguwa, fara da baƙa. Akwai Kure, akwai Uwar Gona, akwai Gajimari da ake cewa yana shanye ruwan sama in ya fito. Kowane iska da launin dabbarsa: wani jan bunsuru, wata baƙar akuya, wani farin rago ko jan zakara. Gidajensu tsamiya ce, ko kuka, ko suri, ko tsohuwar rijiya, ko wani gurbi mai zurfi a gulbi. Ba'anne ba ya sassaƙa gunki ya ajiye. Jini ake zubarwa a gindin itace ko a kan dutse, ko a jikin jigon da aka kafa a tsakar gida. Wanda ya karanta labarin Uzza da Zatu Anwaɗ ba zai ga baƙon abu a nan ba, ko da yake babu wata shaida cewa wani ya koya daga wani.

Guy Nicolas, Bafaranshen da ya yi shekaru yana bincike a wannan kwari kafin ya fitar da babban littafinsa a 1975, ya nuna cewa ginshiƙin addinin Anna shi ne gado. Kowane dangi yana da sana'ar da ya gada tare da iskokinta da asiranta da abin da aka hana shi ci. Masu noma daban, masu ruwa daban, mahalba daban, maƙera daban. Ba a shiga wannan addini da furuci, haifar mutum ake yi a ciki, kuma maigida ne limamin gidansa. Shi zai yi yanka a bakin gandu kafin shuka, shi zai buɗe rumbu. A lissafinsu uku na namiji ne, huɗu na mace, bakwai kuwa cikar abu. Shekararsu ta noma da kanta take ƙirga watanninta, shi ya sa har gobe manomi ke cewa watan bakwai maƙarar rani. A watan huɗu ake buɗin daji: shugabannin mahalba su shiga dawa da yanka, su duba alamun da shekara za ta zo da su, sannan a halatta farauta. A Masalata kusa da Birnin Ƙonni har yanzu jama'a na taruwa domin wannan al'ada.

Akwai kuma bikin dubu, wanda ni a ganina ya fi komai nuna halin mutanen nan. Manomin da ya tara damin hatsi dubu ba ya kulle rumbu ya zauna. Sai ya tara gari, a yi kiɗa, ya rabar da dukiyar a bainar jama'a, sannan ya cancanci sunan sarkin noma. Mace ma tana da nata, kan ƙwarya, wanda bayansa ake kiranta tambara. Girma a wurinsu yana ga wanda ya iya bayarwa har ya ƙarar.

Musulunci ya shigo biranen Hausa tun ƙarni na 14, Magili ya zo Kano da Katsina a farkon shekarun 1490, Suyuɗi ma ya rubuto wa sarkin Katsina Ibrahim wasiƙa daga Masar. Katsina ta fitar da malamai irin Ɗan Marina da Ɗan Masani. Duk da haka sarauta ba ta saki tsohuwar igiya ba. A Katsina labarin sarauta na Korau da Sanau a gindin tsamiyar Bawada yake, a Kano kuwa an yi ta yi wa tsafin Dirki yankan shanu har zamanin sarki Alwali. Wannan gaurayen ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wa suna a Nurul Albab, inda ya raba mutanen ƙasar kashi uku, na tsakiya su ne masu salla suna kuma yanka wa itace da dutse. A kan wannan batu Muhammadu Bello da Shehun Borno Al-Kanemi suka yi musayar wasiƙu masu zafi. Al-Kanemi na cewa saɓo ne na jahilci wanda bai halatta yaƙi ba, Bello na cewa shirka ce. Bello da kansa ya adana hujjojin abokin jayayyarsa a cikin Infaƙul Maisuri.

Maraɗi da Tsibiri daga yaƙin jihadin Shehu aka haife su. Katsina ta faɗi a 1807, sarkinta Magajin Halidu ya mutu a Ɗankama, Ɗan Kasawa ya tsere da ragowar gidan sarauta zuwa ƙasar Damagaram. Alƙalawa, birnin Gobir, ta faɗi a 1808 aka kashe sarkinta Yunfa. Kwarin Maraɗi a lokacin daji ne mai duhu, mazaunin manoma da mahalba, kuma sabbin masu mulkin Katsina sun ajiye wakili a can, sunansa Mani. Mutanen kwarin ne suka tayar masa suka kashe shi, suka aika wa Ɗan Kasawa ya zo. Wajajen 1819 ya zauna a Maraɗi da sunan sarkin Katsina. A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke, Bello ya yi nasara, sarkin Gobir Ali da sarkin Maraɗi Rauda suka kwanta dama. Bayan wannan ne sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa wa Gobirawa sabon birni a Tsibiri, ƴan kilomitoci arewa maso yamma da Maraɗi, da taimakon sarkin Maraɗi Ɗan Mari.

Daga nan za a gane dalilin da ya sa tsohon addini ya daɗe a wannan wuri fiye da maƙwabta. Sarakunan Maraɗi da Tsibiri Musulmi ne, suna da limamai da alƙalai, suna hawan salla. Amma baƙi ne a kwarin, kuma Anna ne suka kira su, Anna ne maharban da ke tsare musu daji, Anna ne ke cika musu rumbu. Sarkin da ke cikin wannan hali ba zai sare tsamiyar mai masaukinsa ba. Sai aka shigar da abin cikin tsarin sarauta. A Maraɗi manyan fada huɗu ke zaɓen sarki, Ƙaura da Galadima da Ƴandaka da Durbi, shi Durbi kuwa sunansa na komawa ga Durɓawa da suka riƙe Katsina kafin gidan Korau, kuma harkokin Anna na bi ta hannunsa. A Tsibiri akwai Sarkin Anna a cikin manyan fada. Sabon sarki yakan yi wankan sarauta ya shiga lalle kamar ango, don ƙasa ake aura masa.

Sai kuma mata. Iya a Maraɗi da Inna a Tsibiri daga gidan sarauta ake naɗa su, kuma su ne shugabannin bori a ƙasa baki ɗaya. Bori ya bambanta da tsafin gado: ba na dangi ba ne, ciwo ne ke kawo mutum, a yi masa girka, ya zama dokin iska ko goɗiyarta. Da goge da ƙwarya ake kiran iskoki su hau, kuma a cikinsu har da Malam Alhaji mai tasbaha da Ɗan Galadima ɗan sarki, abin da ke nuna bori ya girma ne a birni tare da Musulunci. In fari ya yi tsanani ko annoba ta shigo, malamai na can suna roƙo, Iya na nan da mutanenta suna nasu. Nana Asma'u ƴar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta san ƙarfin wannan kujera sarai. Da ta kafa ƴan taru domin karantar da matan karkara, da yawansu Gobirawa, ta naɗa shugabanni mata da ake kira jaji, ta ɗora musu malfa irin wadda Inna ke sawa. Ta karɓe alamar, ta canza abin da ke ƙarƙashinta. Ban san wata dabarar wa'azi da ta fi wannan hikima a tarihinmu ba.

Abin da dawakin Sakkwato ba su yi ba cikin shekaru tamanin, sauyin rayuwa ya yi shi a ƙarni na 20. Turawan Faransa suka zo, yaƙi ya ƙare, mutane suka fita daga kwari suka sare dajin da mahalba ke buɗewa. Ambaliyar 1945 ta cinye tsohon garin Maraɗi aka koma tudu. Gyaɗa ta kawo kuɗi, kuɗi ya raba gandu, kowane ɗa ya kama tasa gonar, maigida ya rasa wanda zai tsaya bayansa wajen yanka. Mai girma a gari ya zama alhajin da ya gina masallaci, sarkin noma ya koma baya. Farin 1973 da na 1984 suka tura samari birni da Najeriya, suka dawo da salla. A Jiratawa an shimfiɗa gonakin ban ruwa a fadama, ruwan da ake roƙo da yanka ya koma fitowa daga famfo. Bayan kafa Izala a Jos a 1978 wa'azinta ya tsallako iyaka ya sami gindin zama a Maraɗi. Yau da wuya ka sami wanda zai ce maka shi Ba'anne ne.

Ba na kukan tafiyar wannan addini. Yanka don wanin Allah shirka ne, kuma jikokin Anna da suka rungumi tauhidi sun sami abin da ya fi. Abin da ke damuna shi ne yadda muke binne labarin tare da masu shi, wani lokaci ma da wuta. A watan Nuwamba na 2000, lokacin zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA, masu tarzoma a Maraɗi sun kai hari har gidan Iya. Wannan ba hanyar Nana Asma'u ba ce, kuma bai ƙara wa kowa imani ba. Ibn al-Kalbi ya rubuta sunan kowane gunki bai zama mushiriki ba. Shaharastani ya shimfiɗa hujjar Sabi'awa yadda masu ita za su yarda da ita kafin ya mayar da martani. Saboda aikinsu ne mai tafsiri a Maraɗi yau yake iya bayyana wa jama'a ayoyin da suka yi magana a kan kibau da raƙuman bakance.

Mu kuwa mafi yawan abin da aka rubuta a kan Annan Maraɗi da faransanci yake ko ingilishi: na Nicolas, na Jacqueline Monfouga-Nicolas a kan bori a 1972, na M. G. Smith a kan mulkin sarkin Maraɗi Ɗan Baskore. Jikokin waɗanda suka ba da labarin ba sa iya karanta shi. Tsofaffin da suka ga bikin dubu da idonsu suna nan ƴan kaɗan a Jiratawa da Sumarana da Tsibiri da ƙauyukan Madarunfa. Ina kira ga malaman tarihi da ɗalibai na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, da fadar Katsinar Maraɗi da ta Gobir, da malaman addini su ma, su je wurin mutanen nan da girmamawa, su ɗauki maganarsu, su rubuta ta da Hausa tun suna da rai.